Kaskon Baba da Jan Akwati

Akwai wani jan akwati manne da bangon shigifar gidanmu, daidai inda hannuna ke kaiwa in na ɗan yi ɗage. Baƙuwa in ta shigo takan ɗauka mitar wuta ce, wata ma ta taɓa tambayata ko rediyo ne ya lalace muka rasa inda za mu jefar. Na'urar gargaɗin gobara ce, kuma ni ke riƙe da makullinta, yana nan ƙulle a bakin zanena tare da na ɗakin ajiya. Ba don ilimi aka ba ni ba, karatuna bai wuce in haɗa baƙi in gane sunan magani ba. An ba ni ne don duk gidan ni kaɗai ce ba a nema a rasa. Biki in ba na jini ba ne sai in aika da gudummawa, kasuwa kuwa maigida ke zuwa. Labarin gari shi ke zuwa ya same ni a tsakar gida, ta bakin masu talla da maƙwabta, kuma kunnena ba ya barin abu ya wuce.

Gidanmu gidan gado ne a cikin birnin Daura. Ƙanen maigida, wanda ke aiki a Abuja, shi ya rushe ginin ƙasar ya mayar da shi na siminti, ya fitar da shaguna biyu a gaba, ya ɗora ɗan bene na saukar baƙi. Sashenmu yana tsakiya. Can ƙurya, jikin madafina, nan ɗakin Baba yake, wato surukina. A zamaninsa falken shanu ne, daga kasuwar Mai'adua zuwa kudu babu hanyar da bai taka ba, kuma yanzu ƙafafun suna tuna masa kowace tafiya. Tun rasuwar Inna shi kaɗai yake kwana a ɗakin, shi da kaskonsa. Da sanyi da damina, in dai gwiwa ta motsa, sai ya sa a ɗebo masa garwashi, ya jawo kasko gabansa, ya miƙe ƙafa.

Sai na faɗi yadda muke da Baba, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Maigida ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunansa, ba ya haɗa ido da shi. To ina ga matar ɗan fari? Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa sa ƙafa a ɗakinsa ba. Abinci a bakin ƙofa nake ajiyewa, in durƙusa daga bayan labule in gaishe shi, ya amsa kamar da wata can nesa yake. Shara da gyaran gado ƙanwar maigida ke zuwa daga gidanta ta yi. In Baba yana da magana da ni, bango yake gaya wa. Sai ya gyara murya ya ce, “A gaya wa mutanen gidan nan kunun ya yi ruwa.” Bangon kuwa bai taɓa cin amanar saƙo ba, don ina bayansa ina jin komai.

Wata rana Baba ya yi gyangyaɗi, garwashi ya zubo ya ci tabarma, ya bar rami kamar faɗin faifai. Shi da kansa ya kashe da buta, da ba wanda zai sani, sai dai ƙanwar maigida ta ga ramin wajen shara ta buga wa na Abuja waya. Ƙarshen makon sai ga shi. Ina madafi ina daka, na rage ƙarfin taɓarya don kada magana ta wuce ni.

“Baba, ka shirya mu tafi tare. Ɗaki yana nan an gyara, asibiti kusa, ga abin ɗumama ɗaki na lantarki.”

“Wa zai riƙa zuwa gaishe ni a can?”

“Mu mana, Baba.”

“Ku da kuke fita tun rana ba ta fito ba? Nan in na yi tari liman yana ji daga masallaci. Can in na mutu sai wari ya faɗa.”

“To a bar kaskon.”

“A bar ƙafafun nawa ma.”

Sun daɗe a haka. Daga ƙarshe ƙanen maigida ya kawo shawarar na'ura. Ya ce za a sa abin da ke sansana hayaƙi ya yi kuka, kuma in har ya yi kuka saboda kaskon Baba, babu sauran magana, Baba zai bi shi Abuja. Baba bai taɓa ganin irin abin ba, sai ya yi dariya ya ce, “Ƙarfe ne zai kai ƙarata? To a sa, na yarda.” Ni dai na san abu ɗaya, in Baba ya ce ya yarda, ko da wasa ya faɗa, ya ɗaure kansa ke nan.

Mai haɗa na'urar daga Katsina ya zo, da tsaninsa da ƙunshin jar waya, mutum mai haƙuri da tambaya. Na gwada haƙurin nasa sosai. Ya manna wasu fararen abubuwa a silin, kamar an kife ƙananan kwanukan sha, ya ce su ne hancin. Ya kafa jiniya ɗaya a tsakar gida, ɗaya a waje saman shaguna. Da ya gama sai ya kira ni gaban akwatin, tunda an ce ni ce mai tsaro.

“Hajiya, kin ga fitilun nan huɗu? Kowace fitila waya guda ce, kowace waya shiyya guda. Ta ɗaya shaguna, ta biyu bene, ta uku sashenku, ta huɗu ƙuryar gida.”

“To in ta kama, za ta faɗi ɗakin wa?”

“A'a. Wannan irin na ƙananan gine-gine ne, shiyya kawai ya sani. Kamar a ce miki ana kuka a unguwa kaza, gidan kuwa ke za ki je ki nema. Ki bi ki ɗaga kai, hancin da ya ji hayaƙin za ki ga ɗan jan idonsa a kunne. Akwai masu faɗin ɗaki da sunansa, amma sai manyan benaye.”

Ya ce bai sa hanci a cikin madafi ba don da wuni zai yi yana kuka. A ɗan lungun da ke bakin madafin ya sa, ya haɗa shi waya ɗaya da na ɗakin Baba, tunda bango ɗaya ne. Ya nuna mini yadda ake murɗa makulli, da maɓallin da ke sa jiniya shiru, da wanda ke share komai a koma farko, jan idon ma ya mutu. Rubutun da Turanci ne, don haka na ɗiga jan farce a kan na shirun. Ya kuma ce in aka ɗauke wuta zan ga fitila mai ruwan ɗorawa, in ji ɗan tsit-tsit, kada in damu, batir ne ya karɓi aiki. Wannan tsit-tsit ɗin ya zama abokin hirata, ko ina bayan gida nakan riga kowa sanin an ɗauke wuta.

Ranar gwaji bai gaya wa kowa ba ya saki jiniya. Awakinmu suka tsinke igiya, unguwa ta cika ƙofar gida da bokitai, har da mai tura kurar ruwa da ya juyo da kurarsa gaba ɗaya. Aka yi ta ba mutane haƙuri. Baba daga ɗaki ya gaya wa bango cewa abin ba shi da ladabi.

Kuka na gaskiya ya zo da shigowar sanyi, da hantsi, na ɗora shinkafa ke nan. Na ruga shigifa, fitila ta huɗu ce. Na murɗa makulli na danna mai jan farce, na dawo lungu na ɗaga kai. Idon hancina a mace yake. Sai na matsa jikin bangon Baba na kasa kunne. Na ji fifita, fat fat fat, da hula ake yi ba da mafici ba. Na ji tari, na ji ana cewa, “Ɗan banzan ƙarfe, ɗanyen gawayi ne fa.” Lafiyarsa ƙalau. Na jira hayaƙin ya lafa, don in ka share da wuri sai abin ya sake tashi, sannan na danna na sharewa.

Ina dawowa lungu ke nan waya ta yi ƙara. Telan da ke haya a shagon gaba ya riga ya kai labari Abuja. Ni da ƙanen maigida akwai wasa tsakaninmu, tun yana makaranta nake wanke masa kaya yana ce mini tsohuwa.

“Matar yaya, lafiya? Wace fitila ce?”

“Ta huɗu.”

“Baba ne?”

A bayan bango fifitar ta tsaya cak. Baba da sai an maimaita masa gaisuwa, wannan tambayar ya ji ta tun daga cikin waya.

Na ce, “Shinkafata ce ta kama.”

“Ke? To tsufa ya zo. A yi hankali dai.”

Na ajiye wayar. Ni ban saba faɗin abin da ba shi da tushe ba. Na dubi tukunya, shinkafa tana dahuwa lafiya lau, sai na tura mata itace na koma gefe na zauna har ƙauri ya tashi. Ƙonuwar ta zo a bayan maganar, amma dai ta zo. Da rana maigida ya ci ya sha ruwa ya tashi, mutum ne mai kawaici.

Haka muka ci wannan sanyin. Jiniya ta tashi, in duba fitila, in danna, in je jikin bango. In na ji fifita da zagin ƙarfe, sai in share in amsa waya, sannan in je in ƙona abin da na ce ya ƙone. Na ƙona wake, na ƙona miyar kuka, na ƙona tuwon dawa har muciya ta yi baƙi. Ranar da Baba ya yi dabarar rataya wa hancin hula da sandarsa, hular ta faɗo cikin kasko, a ranar tsumma na ce, kuma tsumman goge tukunya mai kyau na sadaukar. Ƙanwar maigida ta ba ni shawara a ɗaure hancin lunguna da leda, wai haka ake yi a wani ofis da ta sani. Na ce mata a'a, mai haɗawa ya ce hancin da aka toshe da shi da babu duk ɗaya. Ban gaya mata cewa hancin nawa bai taɓa yin laifin komai ba.

Maigida ya fara damuwa. Wata rana ya ture kwano a hankali ya ce, “Wai idon ne, ko tunani kike yi? In ido ne a je a duba.” Na ce hayaƙin itace ne. Ashe ya kai maganar Abuja, sai ga saƙo a mota, murhun gas da wata baƙar tukunya da aka ce abinci ba ya kamawa a cikinta. Gaskiya suka faɗa. Na sha wuya ƙwarai kafin na iya ƙona abu a tukunyar nan.

Unguwa kuwa ta daina ɗauko bokiti. In jiniya ta tashi sai in ji tela yana ce wa mai jiran ɗinki, “Kada ka tashi, matar gidan ce ta ɗora girki.” Masu talla suka ɗauka suka yaɗa. Ni da ake aiko mota a ɗauke ni in je in yi dambun suna, ni da wainata ke ƙarewa kafin a gama rabo, sai ga shi a bikin 'yar ƙanwar maigida an zaunar da ni gindin bishiya an turo mini buhun albasa. Uwar biki ta ce, “Yaya, ki huta da zafin wuta, ga yara nan.” Na ce to. Albasa tana da amfaninta, ba wanda ke tambayar dalilin hawaye.

Baba bai taɓa cewa komai ba, ba shi da hanyar cewa. Sai dai kwanon da ya dawo bakin ƙofa na fara samun dabino a ciki, wani lokaci goro fari. Rannan ya gyara murya ya ce wa bango, “A gaya wa mutanen gidan nan, ni dama tun ina yaro ina son ƙanzo.” Na tsaya da ludayi a hannu ina dariya ba sauti. Ya san abin da nake yi, na san ya sani, kuma mu duka mun bar wa bango sirrin.

Ranar da abin ya canza ranar kasuwar Mai'adua ce, maigida ya tafi tun safe. Bayan azahar ina zaune ina tsintar wake, ban ɗora komai ba, jiniya ta tashi. Ban yi gudu ba, na daɗe da daina gudu. Na kakkaɓe zane, na je shigifa, ta huɗu ce kamar kullum. Na danna shiru, ina ma tunanin yau waken zan ce. Na zo jikin bango na kasa kunne.

Babu fifita. Babu tari, babu zagin ƙarfe. Wani ɗan ƙas-ƙas kawai nake ji, kamar ana murza busasshen ganye, kuma warin da ke fitowa ta ƙarƙashin labule ba na gawayi ba ne, warin roba ne. Na yi sallama, shiru. Na ɗaga murya na ce, “Baba,” abin da ban taɓa yi da ƙarfi haka ba. Shiru. Keken tela yana ta gudu a waje, shi a wurinsa matar gidan ce ta ɗora girki. Kafin in je in fahimtar da shi cewa yau ba wasa ba ne, an daɗe.

Ƙafata ta ƙi ɗaguwa a bakin ƙofar nan. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce wauta ce, amma dokin ƙofar ya yi mini tsawo kamar katanga. Na ja mayafi na rufe fuska na bar ido ɗaya, na ce wa bango, “A gafarce ni,” na ɗaga labule.

Baba yana zaune jingine da bango, carbi a hannu, barci ya sace shi. Gefen bargonsa ya faɗa cikin kasko, wuta ta biyo shi tana rarrafe, ta kama bakin katifa. A sama hancin yana ta haska jan idonsa. Na fizge bargon na ja shi waje na danna a bahon wanki, na dawo na juye buta a katifa, na ƙara da tulun shansa, na fitar da kasko, na buɗe taga. Sai da na gama na ji tafin hannuna yana zafi. Kuma sai a lokacin na ga ɗakin. Ashe ƙarami ne, ban zata ba. Mayafin sallar Inna yana nan rataye a ƙusa, a ninke, kamar ta je maƙwabta ne.

Baba ya farka da tari. Ya ga katifa, ya ga ruwa, ya ga ƙafafuna a tsakiyar ɗakinsa. Ya juya ya fuskanci bangon gabas, ni na fuskanci na yamma, na fita da baya.

Ina bakin ƙofa waya ta yi ƙara.

“Matar yaya, yau kuma me aka ƙona mana, wake ko tuwo?”

Waken yana nan a faifai, maganar a shirye take. Amma na ga inda wutar ta kai, na ga tazarar da ta rage tsakaninta da rigarsa, ba ta fi tafin hannu ba. Sai na ji gyaran murya daga ciki.

“A gaya wa mai tambaya, bargona ne, kuma kaskona ne. A gaya masa ban manta abin da na ce ba.”

Ban maimaita ba, ya ji da kunnensa.

Cikin makon aka zo da mota. Maƙwabta suka yi ta shigowa sallama, liman ya yi addu'a, Baba yana amsawa da ƙyar. Da zai fita sai ya tsaya a lungu, ya ajiye kaskon a bakin madafina, ya ce wa bango, “A adana.” Na wanke shi na kife a saman randa.

Gida ya yi tsit. Akwati ya koma ɗan tsit-tsit ɗinsa na ɗauke wuta. Girkina ya dawo yadda yake, maigida ya ce lallai gas ɗin nan ya yi amfani, a gode wa ƙanensa. Nakan dafa kunu in zuba a kwanon Baba, sai na kai lungu in tuna.

Labarin Abuja ta bakin matar ƙanen maigida nake samu, mukan daɗe a waya. Suna zaune ne a dogon bene mai gidaje da yawa. An sa wa Baba abin ɗumama ɗaki, ya ce yana busar masa da hanci, kuma zafin da ba ka ganin idonsa ba ya ɗebe kewa. Ba ya cin abinci sosai, wuni yake a taga yana kallon rufin motoci. Sai ya gano maigadin benen mutumin Baure ne, nan kusa da Daura. Suka ƙulla gaisuwa, daga gaisuwa sai ga gawayi a leda yana hawa bene cikin aljihun babbar riga. Kasko babu, amma akwai murfin tukunya.

Na'urar can irin wadda mai haɗawa ya ba ni labari ce, mai faɗin ɗaki. Ranar Asabar da rana ta tashi, bene gaba ɗaya ya sauko ƙasa, wani da kumfar sabulu a kai, wata da jariri a hannu ɗaya takalmi a ɗaya. Aka je gaban allon na'ura, ga hawa, ga lambar gida, ga ɗaki, a rubuce, kowa ya karanta. Baba ne kaɗai bai sauko ba, yana sama yana fifita da hula, yana jira a danna. Aka ba da haƙuri, aka ƙwace murfin tukunya. Da abin ya sake faruwa, da farantin shayi wannan karon, sai masu kula da benen suka zo har falo da magana mai laushi wadda ba ta da amsa.

Ban san an dawo da Baba ba sai da na ji tsayuwar mota, na ji sandar Baba tana bugun dokin ƙofar zaure yadda ta saba. Ya wuce ta gabana yana kallon sama, ya rame, amma tafiyar ta mai gida ce. Na shiga madafi na yi dambu irin wanda na daɗe ban yi ba.

Ƙanen maigida ya zauna a tabarma a tsakar gida ya cinye kwano, ya miƙo a ƙara.

“Akwatin can ba ya rufa wa kowa asiri,” in ji shi. “Ba irin naki ba.”

“Nawa shiyya kawai ya sani.”

“Shi ke nan ya sani. Mai makullin fa?” Ya ɗebi dambu. “Matar yaya, tun ina firamare nake cin tuwonki. Ke ce za ki ƙona shinkafa? Tun ranar farko na gane.”

“Ka gane ka aiko mini da tukunya?”

“Na ga kina wahala, na ce bari in ƙara miki aiki.” Ya yi dariya, sannan dariyar ta tafi. “Ni ma ba son ɗauke shi nake ba. Muddin kina cewa ke ce, ina da abin da zan riƙe. Amma bargon nan ya hana ni barci. In zai zauna, sai an canza tsari.”

Aka sake kiran mai haɗawa. Ya cire hancin lunguna daga waya ta huɗu ya mayar da shi ta uku, fitila ta huɗu ta zama ta Baba shi kaɗai, babu sauran shinkafar da za ta shiga tsakani. Aka zuba yashi a babban faranti aka ɗora kaskon a kai, nesa da shimfiɗa. Aka ce garwashi sai wanda ya gama ruruwa, kuma da zarar Baba ya fara lumshe ido a fitar da kasko. Nan magana ta tsaya, don kowa ya san mutum ɗaya ne kullum yake gida, kuma kowa ya san inda ƙafarta ke tsayawa. Maigida ya sunkuyar da kai, ƙanensa ya dubi ƙasa. Sai aka ji gyaran murya daga ɗaki.

“A gaya wa mutanen gidan nan, in don kasko ne, ko in akwati ya yi kuka, ba sai an tsaya jiran izini ba.”

Da haka Baba ya zauna. Nakan shiga da ido ɗaya in ɗauke kasko in fito, shi yana nazarin bangon gabas. Jiniya ta daɗe ba ta tashi ba, har na fara tunanin ko ta lalace.

Sai wata la'asar ta tashi, fitila ta huɗu. Wannan karon gudu na yi, ko takalmi ban sa ba, na faɗa ɗakin. Baba yana zaune daram, idonsa biyu. Ya jawo farantin yashi daidai ƙarƙashin hancin, ya barbaɗa turaren wuta a garwashi, hayaƙi yana miƙewa sama sak. Ya dubi bango ya ce, “A gaya wa mutanen gidan nan, an daɗe ana magana ba a ji ba. Kunu ya ƙare.”

Ina can wajen famfo ina wanki, shi ya sa saƙon bai iso ba. Na tsaya ina haki. Sai na juya na fuskanci nawa bangon na ce, “A gaya wa mai ɗakin nan an ji. A kuma gaya masa unguwa gaba ɗaya ta ji.”

Ƙanensa ya yi faɗa a waya, ya ce na'ura ba ƙararrawar kiran abinci ba ce, ya aiko da 'yar ƙararrawa ta hannu. Tana nan a kan taga, Baba ya ce ta awaki ce. Ba kullum yake yin na turaren ba, sai in ya gaya wa bango magana bango bai amsa ba. Ni kuma tun ranar bargo ban ƙara tsayawa sauraron fifita ba, kowane kuka da gudu nake zuwa in gani da idona, ko da na jiyo ƙamshin tun daga shigifa.

Tela har yau yana gaya wa masu jiran ɗinki cewa matar gidan ce ta ɗora girki. Watan jiya aka yi suna a maƙwabta, na leƙa, aka shimfiɗa mini tabarma aka turo albasa. Na yanka musu ita tas, na dawo gida da wuri, don lokacin fitar da kasko ya yi.